Asirin Baba Mai Shayi Ya Tonu

Zuwa ga Alhajina, baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima, ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, kuma babu ranar da za ka karanta ta. Ko da kana nan ma ba karantawa za ka yi ba, cewa za ka yi tabaronka ya ɓata, ka miƙo mini in karanta maka abin da ni na rubuta da hannuna. To yau ma haka za a yi. Ni zan rubuta, ni zan karanta, kai kuma ka yi shirun nan naka da ka saba yi idan an kama ka. Domin ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara.

Amma bari in fara da labarin gida, kada ka ce na faɗo maka ba sallama. Kowa lafiya. Ɗanmu Nuhu da matarsa sun gama ƙaura zuwa Summerfield, can bayan garinmu Greensboro. Gidan yana da fili har ya yi yawa, maƙwabcinsu kuma yana kiwon dawakai, saboda haka jikokinka sun tare a jikin shinge suna rabar wa dawakan karas ɗin miyar uwarsu. Har yanzu ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Ƙaramar ta koyi ina kwana, sai dai da la'asar take gaishe ni da shi, ni kuma ina amsawa. Tumatirin da ka shuka a bayan gida ya sake fitowa da kansa bana, ba wanda ya ba shi ruwa. Masu shagon kayan Afirka na titin Gate City ba su daina tambayar burodinka ba. Na gwada da kwanukanka da ma'auninka, abin da ya fito da za a iya gina katanga da shi. Maƙwabciyarmu Hajiya Zali 'yar Nijar ta ɗanɗana, sannan ta roƙe ni don Allah in bar fulawa ta huta.

Sai maganar autarka Adiza, wadda ka tafi ka bar ni da ita. Aikin nan da take nema a jirgin ruwa ya fito bayan rasuwarka. Jirgin dakon kaya ne, za ta yi aiki a ɗakin inji, ta yi watanni a teku kafin ta ga gida. Suka ba ta zuwa ƙarshen wata ta ba su amsa. Na ce a'a, ban ma bari ta kai ƙarshen maganarta ba. Ita kuma ta ce ba za ta taka jirgi ba sai da albarkata. Wallahi da ta yi mini tsiwa irin ta yaran ƙasar nan da ya fi mini sauƙi, da na san abin da zan faɗa. Amma 'yarka ce. Duk Lahadi ta zo, ta ci wake da shinkafa, ta wanke kwanuka, ta duba mini man mota, ta koma gidan hayarta na titin Wendover ba ta ta da maganar ba. Ina kallonta tana ramewa a tsaye, kwanaki kuma suna tafiya. Na san idan watan ya ƙare aikin ya wuce ta, ba za ta taɓa zargina da baki ba, kuma wannan ne ya fi hana ni sakewa.

Ka san dalilina, amma bari in maimaita maka, tunda yanzu na gane ka iya yin kamar ba ka san abu ba. Baba Mai Shayi. Duk yarinyar da ta tashi a zongon Takoradi, can bakin teku a Ghana, a zamaninmu ta san shi. A bakin famfo ake labarinsa, da wurin mai koko, da duk inda matan ma'aikatan jirgi suka haɗu. Tsoho ne fari fat, gemu fari, kai fari, doguwar riga fara. Yana fitowa a bayan jirgi kafin rana ta ɓullo, da butar shayi ta ƙarfe a hannu tana tururi. Ba ya magana da kowa. Zai tsuguna ya yi ta tsiyaya shayin a hannuwansa da ƙafafunsa. Jirgin da aka gan shi a kai ba ya isa gaɓa sai an saka mutum a ruwa. Wasu suka ce yana miƙo kofi, wanda ya karɓa nasa ya ƙare, zai ja shi zuwa gidansa na ƙarƙashin teku inda yake tara matattun jirage.

Ni kuma ba a labari kaɗai na tsaya ba. Ina budurwa na ga ranar da aka kawo wa Mma Sala, tsohuwar layinmu, jakar ɗanta Garba. Jaka kawai, da takalmi a ɗaure a jikinta. Babu gawa, babu makara, babu kabari. Abin da ya shiga raina ran nan ba mutuwar ba ce, kowa zai mutu. Tunanin an ɗauki ɗan Musulmi an wurga a ruwa ba wanka ba salla, shi ne ya zauna mini a ƙirji. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da ma'aikacin jirgi. Ka tuna layar da na karɓo maka ta tsarin Baba Mai Shayi? Ka tuna yadda nake ja maka kunne duk tafiya, kada ka karɓi shayi a hannun mai farin gemu ko da ya ce shi limami ne? Ka tuna sadakar masa da nake rabawa, da dambun naman da nake cusa maka a jaka? Kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce to, Allah ya tsare. Da za mu zo Amurka ma, tambaya ɗaya na yi game da Greensboro, ko ana hango teku daga garin. Aka ce sai an yi tafiyar awoyi a mota, na ce nan za mu zauna.

To ana cikin haka sai ga abokinka Alhaji Tanko, wanda kuka yi aikin jirgi tare tun kuna samari. Yana Ghana lokacin da ka rasu, sai yanzu ya dawo New York, ya sa ɗansa ya kawo shi ta'aziyya. Ya tsufa, Alhaji. Yana dogara sanda, amma bakin nan yana nan yadda ka san shi. Na yi murna da zuwansa, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi murna sau biyu da ya zo ran Lahadi, domin Adiza tana nan. Na ce a raina Allah ya kawo mini mai taimako. Tsohon ma'aikacin jirgi da bakinsa zai gaya mata abin da ke cikin ruwan nan.

Aka yi maka addu'a, muka yi kuka kaɗan, aka ci abinci. Na kawo shayi, na zauna, na gyara mayafi, na roƙe shi ya ba yarinyar nan labarin Baba Mai Shayi, domin ita gani take teku wurin wasa ne. Ya tsaya da kofi a hannu yana kallona. Ya tambaye ni ko da gaske ka tafi ba ka gaya mini ba. Na ce me? Sai mutumin nan ya fashe da dariya. Ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga, har tari ya sarƙe shi, ɗansa ya tashi yana bubbuga masa baya. Gidan ta'aziyya fa. Na sha kunu, ina jira ya gama. Da ya samu numfashi ya share hawaye ya ce mini ai Baba Mai Shayi a gidan nan ya tsufa, ni na yi ta dafa masa tuwo.

Ga abin da ya faɗa, ka gyara mini idan ya ƙara gishiri. A jirginku na farko kai ne mai gasa burodi a kicin. Kana tashi kafin kowa ka kwaɓa fulawa, kuma da yake tun can ba ka iya aiki a hankali ba, kafin asuba ta yi ka yi fari tun daga gashin kai har gemu, ga farar rigar kicin har gwiwa. Butarka ta alwala ta faɗa ruwa tun makon farko, sai ka ɗauki wata tsohuwar butar shayi da kuku ya yar. Idan kun shiga ruwan ƙasashen sanyi kana zuba mata ruwan zafi daga kicin, ka fita bayan jirgi inda ba kowa ka yi alwalarka tana tururi.

A wannan tafiyar ce zazzaɓi ya kama Garban Mma Sala, ya rasu kuna tsakiyar teku, gaɓa da nisa, jirgin kuma ba shi da wurin ajiye gawa. Aka ce a naɗe shi a tamfol a saka shi a ruwa. Tanko ya ce kai da ba ka iya haɗa ido da manya ba, ka hau har wurin kyaftin da guntun Turancinka, ka roƙi a ba ku zuwa fitowar rana. Ya ba ku. Kuka kare gefe guda da tamfol, ka ɗumama ruwa, ka yi alwala, kuka yi masa wanka da butar nan a tsanake. Fararen zannuwan teburin manyan jirgi kuka yi masa likkafani da su. Ku biyu kuka tsaya kuka sallace shi, kai a gaba, sannan kuka sauke shi a hankali da igiya, ba wurgawa ba.

Ashe akwai wani sabon mai gadi, Bature ɗan Girka, da bai taɓa ganin alwala ba tunda aka haife shi. Daga sama ya hango wani farin abu a tsugune yana zuba wa ƙafafunsa shayi mai tururi, ya ruga ya ɓuya. Gari na wayewa aka buga ƙararrawa cewa an yi mutuwa. Da kuka isa tasha ya shiga mashaya ya zazzage wa duniya abin da ya gani. Kai kuma daga nan duk jirgin da ka koma, idan aka yi rashi kai ake kira. Ba Musulmi kaɗai ba. Fantawan Ghana da mutanen Laberiya da na Filifin duk sun zo sun roƙe ka ka goge musu ɗan'uwansu, kada ya tafi da baƙin man inji a jiki, kuma ba ka taɓa cewa a'a ba. To ana ta ganin farin mutum da buta a duk safiyar da za a saka gawa a ruwa. Sai labari ya juya a bakin mutane. Maimakon a ce an mutu ya zo, aka ce ya zo an mutu. Ya zaga tashoshin duniya, ya ƙara tsufa, ya sami gida a ƙarƙashin teku, sannan ya dawo mana zongo a bakin mazan wasu.

Alhaji, dubi abin kunya. Mu Musulmi 'ya'yan Musulmi, muna alwala kullum, aka ce mana wani yana fitowa da asuba ya tsuguna ya wanke hannu da ƙafa da buta, amma a duk zongon nan ba a sami mace ɗaya da ta ce wannan ai alwala ce ba. An ce shayi, an ce fari, an ce mutuwa, hankalinmu ya tashi ya bar mu. Mma Sala kaɗai ce take murmushi idan ana labarin, mu kuwa muna cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta. Tanko ya ce kuna sauka ka je ka tsuguna gabanta ka gaya mata yadda aka yi wa ɗanta sutura, ka roƙe ta ta riƙe a cikinta. Yanzu na gane kwanon tuwon da take aiko maka duk dawowarka, da yadda take kiranka ɗana har ta koma ga Allah.

Bai tsaya nan ba. Ya ce a wata tasha ta Turai ka fara jin labarin, a bakin wani da ya rantse da idonsa ya gani, kana zaune kana fuskantarsa. Wai har ka tambaye shi tsawon tsohon, ya ce ya kai mutum biyu, ka girgiza kai ka ce Allah ya raba mu da gani. Kai da ko saman firij sai ka kira Nuhu ya ɗauko maka abu. Sannan layar da na karɓo maka da kuɗin adashena, ka san inda Tanko ya ce ka ɗaure ta? A hannun butar. Adiza ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki.

Ni ban yi dariya a gabansu ba. Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo don kada su ji. Fushi na shiga yi, wallahi, amma da na tuno ka kana sunkuyar da kai kana cewa to, Allah ya tsare, sai dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo ta, na rasa wanne nake yi. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Shekara nawa muna ɗaki ɗaya? Tanko ya ce ya sha matsa maka, kana ba shi dalilai. Wai aikin Allah ba a shelarsa. Wai ka san ni da ƙyanƙyami, idan na ji hannunka yana wanke gawa ba zan ƙara cin burodinka ba. Wai kuma tunda tsoron yana zuwa da dambun nama da addu'a mai yawa, ba ka ga abin gaggawa ba. Na ƙarshen nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin na san mijina.

To ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Da na ci burodin, Alhaji. Da na ci, na ƙara, na sumbaci hannun. Shekarunka na teku na ɗauke su shekarun da ruwa ya ƙwace mini, shi ya sa ko ka fara labarin jirgi nake tashi in ce tukunya tana ƙonewa. Ban san a cikinsu ne ka yi aikin da ya fi kowanne ba. Na sha gaya maka kai mai haƙuri ne, na sha gaya maka kai mai taurin kai ne, amma ban taɓa cewa ina alfahari da kai ba. Ina alfahari da kai. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne a saka ka a ruwa ba wanka ba salla, ashe kai ne kake tsaye kana hana a yi wa 'ya'yan mutane haka.

Ban ba Adiza amsa ran nan ba, ka san ni, ba na so a ce dariya ce ta kayar da ni. Washegari na kira ta ta biyo kafin ta wuce aiki. Ta shigo da rigar aiki, ta durƙusa kamar yadda ka koya mata. Na ɗora hannu a kanta na sa mata albarka, na ce ta je, Allah ya kai ta ya dawo da ita. Sharaɗi ɗaya na kafa mata. Kafin ta hau jirgi sai ta bi Hajiya Zali wurin matan masallaci masu wankan gawa ta koya, daga niyya har ɗaurin likkafani. Ba fata nake ba, Allah ya sa kada ta taɓa buƙata. Amma ba za a ce 'yarka tana cikin jirgi an rasa wanda ya san yadda ake yi ba. Ta je, kuma Hajiya Zali ta ce ta koya tsaf ba tsoro.

Nuhu ne ya kai mu tashar jiragen ruwa ta Wilmington muka raka ta. Na ga teku bayan tsawon shekarun nan, yana nan yadda na bar shi, ba abin da ya ragu. Na tsaya da ƙafafuna har ta shige, kuma sai da muka hau hanya na jiƙa mayafina.

Shekaranjiya ta aiko mini da saƙon murya. Lafiyarta ƙalau, ta ce abincin ba yaji, kuma ta daina amai. A ɗakin injin akwai wani dattijo ɗan Filifin da ya ɗauke ta kamar 'yarsa. Da ya ga tana fita da sassafe da gorar ruwa, sai ya ja ta gefe, ya rage murya, ya gargaɗe ta. Wai akwai wani tsoho mai butar shayi da ke yawo a bayan jirage kafin rana ta fito, shi ma a bakin manyansa ya ji. Yanzu har an ƙara maka ciyawar ruwa a gemu. Wai idan ya miƙo mata kofi, komai sanyi, kada ta kuskura ta karɓa. Ka san abin da 'yarka ta ce masa? Ta yi masa godiya, sannan ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita tun da aka yaye ta take shan shayin tsohon nan, har da burodi. Ta ce dattijon bai ƙara zama kusa da ita ba sai da ta nuna masa hotonka.

Na saurari saƙon ban san sau nawa ba. Har yanzu ina jin tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba, uwa ce ni, kuma idan aka ce iska ta taso a labarai nakan kashe talabijin in ɗauko carbi. Na san ba ka cikin teku, kana inda Allah ya ajiye ka, a ƙasa busasshiya, an yi maka wanka an sallace ka da jama'a har masallaci ya cika. Amma sunanka yana can yana bin jirage, kuma yarinyarmu tana cikin ɗayansu tana dariya. Ban taɓa zaton zan ji an ce an ga Baba Mai Shayi in yi fatan da ni ce na gan shi ba.

Allah ya jiƙanka, ya wanke ka kamar yadda ka wanke bayinsa, ya haɗa mu a inda ba rabuwa. Idan na iso ka shirya, domin ƙarar nan ban janye ta ba.

Taka har kullum,
Memuna, wadda ta aure ka tana gudunka.